Fada Biyu a Birnin Katsina, 1711: Jinjina ga Binciken Richard Gray

Ban san wani rubutun tarihi da ya ƙayatar da ni a 'yan shekarun nan kamar wata 'yar maƙala ta marigayi Farfesa Richard Gray ba. Sunanta "Christian Traces and a Franciscan Mission in the Central Sudan, 1700–1711", ta fito a mujallar Journal of African History a 1967, kuma shafukanta ba su kai 20 ba. Amma jama'a, abin da ke cikinta ya fi abin da ke cikin manyan kundaye da yawa. Tana magana ne a kan alamun Kiristanci a tsakiyar ƙasar Sudan ta dauri, wato yankinmu wannan daga Borno zuwa ƙasar Hausa, da tafiyar wasu limaman Kirista biyu da suka keto Sahara suna neman waɗannan alamu, har ajali ya riske su a Katsina. Katsinar dai da muka sani, ta Korau, mai hasumiyar Gobarau. Wannan ya faru shekara 93 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804, shekara 192 kafin Turawan Ingila su ci Kano da Sakkwato a 1903. Wa ya taɓa gaya mana wannan a aji?

An haifi Gray a 1929, ya rasu a 2005. Ya koyar a Jami'ar Khartum, daga baya ya zama farfesan tarihin Afirka a makarantar SOAS ta Landan. Abin da ya bambanta shi da tsaransa shi ne inda ya je neman labari. A lokacin da galibin masu rubuta tarihin Arewa suka duƙufa a kan littattafan Barth da Clapperton da rahotannin razdan-razdan, shi birnin Roma ya nufa, ya shiga taskar takardun Propaganda Fide, ofishin da Paparoma Gregory na 15 ya kafa a 1622 don kula da aikin mishan a duniya. A 1965 ma shi da David Chambers sun fitar da littafin jagora ga takardun tarihin Afirka ta Yamma da ke ajiye a Italiya. Tsofaffin wasiƙu ne na hannu, da Italiyancin shekaru 300 da suka wuce, tawada ta kwanta, sunayen garuruwanmu duk an karkace su. A cikinsu ya tsinto Katsina.

Ga yadda labarin yake. A Tarabulus, bakin tekun da ayarin fatake ke sauke kaya, akwai limaman ɗariƙar Faransiskan da ke kula da Kiristocin da 'yan fashin teku suka kamo. Zamansu a can ya sa suna jin hirar mutanen da suka fito daga kudu, fatake da alhazai da bayi. A cikin wannan hira ne magana ta riƙa maimaituwa cewa a bayan Borno akwai wata ƙasa mai ƙarfi wadda mutanenta ke girmama alamar gicciye. Wace ƙasa ce? Kwararrafa! A nan ne na gyara zama, domin babu ɗalibin tarihin Hausa da bai san Kwararrafa ba. Su ne Tarihin Kano ya ba da labarin hare-harensu a ƙarni na 17, har cikin birni a zamanin Sarki Dadi. Su ne Mai Ali na Borno ya yi nasara a kansu, har Wali Ɗan Marina na Katsina ya yi masa waƙar yabo da Larabci. Mu mun san su a matsayin mayaƙan da suka addabi birane. Ashe a daidai wannan lokaci akwai manyan malaman coci a Roma da ke zaune suna tattauna sunansu, suna tsammanin 'yan uwansu ne da suka ɓata.

A 1700 Roma ta yanke shawarar tura mishan. Yunƙurin farko ta gefen Masar da Kogin Nilu aka yi shi, bai kai ga gaci ba. Sai a 1710 Fada Carlo Maria, mutumin Jenowa, da abokin tafiyarsa Fada Severino suka tashi daga Tarabulus tare da ayari. Suka ratsa Fazzan, hanyar Borno ba ta yiwu ba, suka karkata zuwa Agadas, daga nan suka gangaro Katsina a 1711. A nan ciwo ya kama su, suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Ba su ga Kwararrafa da idonsu ba. Wani ɗan kasuwa da ya yi tafiya tare da su ne ya mayar da labarin rasuwarsu Tarabulus, daga can takarda ta haye teku, ta kwanta a Roma fiye da shekara 250 kafin Gray ya shimfiɗa labarin a gaban masana tarihin Afirka.

Ni da nake rubutu daga Tungar Daji, nan yammacin Zamfara, sai na tsaya ina lissafi. A shekarar da waɗannan baƙi suka kwanta dama a Katsina, Birnin Zamfara na nan da ƙarfinsa, Gobirawa ba su ci shi ba sai bayan kusan shekara 50, ba a gina Alƙalawa ba, sarautar Zamfara ba ta fara doguwar ƙaurar da ta ƙare a Anka ba. Hanyar da ta kawo su ita ce hanyar da ke kawo wa kakanninmu gishiri da jan ƙarfe da takarda da littattafai. Ana yawan nuna mana kamar ƙasar nan a rufe take ruf kafin zuwan Bature. Ƙarya ce, kuma wannan maƙala ta isa hujja.

To amma abin da ya sa na zama masoyin Gray na haƙiƙa shi ne yadda ya riƙe shaida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi a ƙasar Anka ko Bukkuyum ya ga mai wankin zinare ya san irin aikin: kwano cike da yashi, a juya a zubar, a ƙara ruwa a juya a zubar, har 'yar ƙwaya mai sheƙi ta rage a gindi, wani lokacin ma ba ta kai ƙwayar gero ba. Haka ya yi da jita-jitar Tarabulus. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, me mai rubuta wasiƙar yake fatan ji? Abin da ya rage bayan wanki kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ya miƙo mana. Maganar cewa alamar gicciyen tana iya kasancewa ta taso ne daga masarautun Kirista na Nuba, a gaɓar Nilu, ya ajiye ta a matsayin abu mai yiwuwa da ke jiran ƙarin bincike.

Wanda ya karanta magabatansa ne zai san darajar wannan. Leo Frobenius, Bajamushe, da H. R. Palmer mai littafin Sudanese Memoirs na 1928, mutane ne masu ƙwazon tattara labari, amma da zarar sun ga suna ya yi kama da suna sai su gina hijirar al'umma guda a kai. Kuma yankinmu cike yake da abin da zai ruɗi mai gaggawa. Ga labarin Kisra da ake bayarwa a Borgu, daga Bussa har Illo, na sarkin da ya taso daga gabas. Ga maganar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infakul Maisuri na 1812 cewa asalin Gobirawa daga Kibɗawan Masar ne, Kibɗawa kuwa Kiristoci ne. Ga rahoton Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 15 cewa sabon sarkin Binin yakan karɓi gicciyen tagulla daga wani babban sarki mai suna Ogane. Ga kuma abin da ido ke gani: Buzu ya shimfiɗa kayan azurfa a kasuwar Gummi, a cikinsu akwai abin wuyan nan na Agadas mai hannu huɗu. Dubi ƙotar takobinsa, dubi goshin sirdin raƙuminsa, duk siffar ce. Mutumin nan Musulmi ne ɗan Musulmi, in ladan ya yi kira shi zai riga ka shiga sahu. Siffa kaɗai ba ta tabbatar da addini. Gray ya san haka, shi ya sa nake amincewa da shi.

Maƙalar nan ce ta buɗe mini ƙofar Nuba, kuma wallahi tun da na shiga ban so fita ba. Masarautu uku ne a ƙasar da yau take kudancin Masar da arewacin Sudan: Nobatiya mai hedikwata a Faras, Makuriya mai hedikwata a Dongola, da Alwa mai hedikwata a Soba, kusa da Khartum ta yanzu. Sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 6, daga zuwan wani limami Yuliyanus wajen 543 zuwa isar Bishop Longinus Alwa a 580. A 652 rundunar Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh ta kewaye Dongola, ta gamu da maharban da Larabawa suka yi wa laƙabi da masu harbin ƙwayar ido. Aka ƙulla yarjejeniyar Baƙt, wadda ta ɗora wa Nuba bayar da bayi 360 a shekara, abin baƙin ciki, amma ta tsare zaman lafiya tsakanin Masar ta Musulmi da Nuba ta Kirista kusan shekara 600. Wajen 836 Yarima Georgios na Makuriya ya je har Bagadaza wurin Halifa Mu'utasim. A ƙarni na 10 jakadan Faɗimiyyawa, Ibn Sulaim al-Aswani, ya yi sallar layya a bayan garin Dongola tare da Musulmin da ke wurin, da yardar sarki Kirista, duk da ƙorafin fadawa.

Gray ya yi rubutunsa ne a daidai lokacin da ƙasar Nuba ta fara amayar da abin da ta haɗiye. Ana gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, ruwa zai shanye garuruwa da kufai, UNESCO ta yi yekuwa ga masanan duniya. Tawagar ƙasar Folan ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michałowski ta sauka a Faras a 1961. Wani tudu suka tarar, da tsohuwar ganuwa a kansa, suna tsammanin haikalin Fir'auna ne a ƙasa. Da suka fara kwashe yashi sai ga babbar majami'a sukutum, wadda Bishop Paulos ya sabunta gininta a 707, bangayenta cike da zane, shafe a kan shafe, kowane zamani da nasa. Yashin da ya binne ta shi ya tsare launukan. Ruwa na matsowa, su kuma suna tsere da shi. Sai su manna takarda mai laushi a fuskar zanen, su bi ta da kakin zuma da dutsen guga mai zafi, sannan su yanko yaɓen daga bango a hankali, su kwantar a akwati. Zuwa 1964 sun ceto zane sama da 120. Guda 67 suna gidan tarihi na Warso, sauran aka kai Khartum. Faras kanta yanzu tana ƙarƙashin ruwa.

Ku nemi hotunan nan a intanet, don Allah. Akwai na Hannatu, mahaifiyar Nana Maryamu a al'adar Kirista, ta ɗora yatsa a leɓe, idanu dara-dara. Akwai na Bishop Petros na ƙarshen ƙarni na 10, baƙin mutum kamar ni da kai, cikin kayan limanci masu ado, waliyyinsa na tsaye a bayansa ya dafa kafaɗunsa. Amma abin da ya fi burge ni ba shi da launi ko kaɗan: jerin sunayen bishop-bishop 28 da aka rubuta a bango, hannu daban-daban, kowane da tsawon zamaninsa. Masana suka gwama jerin da duwatsun kaburbura masu kwanan wata, suka gano wane ne ya zauna a wace shekara, daga nan suka san shekarun kowane shafin zane. Wannan shi ne bincike! Babu zato, babu cika baki, dutse ne ke gaskata bango.

Sai kuma Ƙasr Ibrim, tsaunin da ruwa bai shanye ba, ya zama tsibiri. A 1964 tawagar J. Martin Plumley ta tono gawar wani bishop mai suna Timotheos, a naɗe cikin tufafinsa, da gicciyen ƙarfe a wuya. A jikinsa aka sami naɗaɗɗun takardu biyu, kowace ta haura mita 4, ɗaya da Kibɗanci ɗaya da Larabci. Takardun naɗinsa ne daga Baba Gabriel na 4, shugaban cocin Kibɗawa mai kujerar Iskandariya, na wajen 1372, da shaidar bishop-bishop da suka halarta. Ijazarsa ke nan, aka binne shi da ita. Kafin wannan tono da yawa sun ɗauka cocin Nuba ya riga ya mutu a lokacin, tunda an mayar da zauren sarautar Dongola masallaci tun 1317. Gawa ɗaya ta gyara lissafin.

Masu nazarin tsarin sujadar Nuba kuwa, ban san irin haƙurinsu ba. Daga yagaggun fatu da gutsattsarin takarda suke sake gina yadda ake ibada shekara 1,000 da suka wuce. Sun gano harsuna uku ke aiki a coci ɗaya: Girkanci, Kibɗanci, da tsohon harshen Nuba, ɗaya daga cikin tsofaffin harsunan Afirka da aka rubuta. A 1906 aka sayi wasu shafuka a Masar aka kai Balin, F. Ll. Griffith ya buga su a 1913, a cikinsu akwai littafin da ke tsara karatun kowace rana a kwanakin bikin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yau wannan yanki na wasiƙun manzanni da wannan yanki na Linjila, gobe wancan. Daga irin wannan jadawali ake gane da wa coci yake hulɗa, domin tsarin karatun Iskandariya daban, na Ƙudus daban, na Kustantiniya daban. Addu'ar mamaci da ake sassaƙawa da Girkanci a duwatsun kabarin Nuba har yau ana karanta ta a cocin Girka. A Dongola kuma an sami ɗakin kabarin Babban Bishop Georgios, wanda ya rasu a 1113, bangonsa huɗu a rufe da rubutun addu'o'i da sassan Linjila daga sama har ƙasa, Adam Łajtar da Jacques van der Vliet suka fitar da shi a littafi a 2017.

Wannan fanni ne ya sa na fahimci tambayar Gray da kyau. A irin wannan coci babu limami sai bishop ya naɗa shi, babu bishop sai an naɗo shi daga Masar. In hanya ta yanke, sarƙar ta tsinke ke nan. Takarda ta ƙarshe da ke ambaton sarkin Kirista a Nuba, Sarki Yowel na Dotawo, ta 1484 ce. Wajen 1504 Soba ta faɗi, daular Funj ta tashi a Sinnar. A shekarun 1520 limamin Fotugal Francisco Álvares yana fadar Habasha ya ga 'yan Nuba sun zo roƙon a ba su limamai, sarki ya ce ba shi da hali, shi ma daga Masar ake aiko masa da babban limaminsa. To tsakanin 1484 da hirar Tarabulus akwai sama da shekara 200 da tafiyar watanni a ƙasa. Jibin Ubangiji, babbar ibadar coci, ba ya yin wannan tafiya ba tare da limami ba, littafin Girkanci ba ya yin ta ba tare da mai karantawa ba. Alama kuwa takan yi, a wuyan ɗan gudun hijira, a jikin garkuwa, a cikin kayan fatake. Ko da a ce Fada Carlo ya isa Kwararrafa, ina kyautata zaton ba abin da ya baro gida dominsa zai tarar ba.

Wani zai ce, kai Musulmi, me ya haɗa ka da tarihin coci? Amsata gajeriya ce. Sahabban da suka yi hijirar farko a 615 wurin sarki Kirista suka sami mafaka, Najjashin Habasha. Alhazanmu na ƙafa da suka bi ta Darfur, da jama'ar Mai Wurno da suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙasar tsohuwar Alwa suka taka. A nan gida kuma, maƙwabtanmu na ƙasar Zuru da muke cin kasuwa ɗaya da su da yawansu Kiristoci ne, da Hausa suke waƙoƙin sujadarsu ran Lahadi, Littafi Mai Tsarki kuma yana nan da Hausa cikakke tun 1932. Akasarin Zamfara tana ƙarƙashin dayosis ɗin Katolika na Sakkwato. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko, shekara 312 bayan rasuwar baƙin nan biyu a garin. Sanin tarihin maƙwabcinka ba ya rage maka imani, mutunci yake ƙarawa tsakani, kuma Zamfara ta yau tana da ƙishin wannan.

Ƙorafina biyu ne kacal a kan maƙalar: ta yi gajarta, kuma da Turanci take. Sauran duk yabo ne. Harshenta a miƙe yake, babu kwana-kwana, babu wulaƙanta kowa. Borno da Agadas da Katsina sun fito a cikinta a matsayin ƙasashe masu sarauta da tsari da hanyoyin kasuwanci, su baƙin ne ke laluben hanya.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 bai bar gidan tarihi na Khartum ba, an wawashe kaya masu yawa daga cikinsa, gidan da aka kai kason Sudan na zanen Faras. Abin da aka rubuta aka buga aka yaɗa shi ne ya fi wuyar ɓata.

Don haka ina kira ga sassan tarihi da na Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina: ku nemi izini ku fassara wannan maƙala zuwa Hausa, ku sa ta a hannun ɗalibai, ku tura masu digiri su bi sawunta a rubuce-rubucen Ajami da Larabci na Katsina da Agadas. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a jami'a, ce masa ya duba maka mujalladi na 8 na Journal of African History, shekarar 1967. Zama ɗaya ya isa ka karance ta, kuma na yi maka alkawari ba za ka yi da-na-sani ba.